Tun Ran Gini Ran Zane

Na yi niyyar mu yi maganar yaye a makon nan, amma wani abu ya taso a unguwarmu wanda ba zai jira ba. Na kuwa tabbata in ba a unguwarku ake yinsa yau ba, gobe za a yi.

A bayan gidajenmu akwai wani tsohon kududdufi. Kakata ta ce da ƙasar da aka haƙa cikinsa aka gina rabin gidajen unguwar. Yau shekara da shekaru ke nan ya zama juji, ko wane gida can yake aiken yaro da kwandon shara. In damina ta faɗi ruwa ya kwanta, leda ta toshe ko ina, sauro ya hana mu barci. Bara waccan har wani yaro ya zame ya faɗa ciki, da ƙyar aka ciro shi da rai. To, bana Allah Ya taimaka, mai unguwa da dattawa suka yi ta kai da kawowa har hukuma ta yarda a gyara wurin, a mai da shi filin wasa da shan iska na jama'a duka. Aka kafa kwamiti. Kowa ya yi murna, har da ni.

Ran Laraba da dare sai ga ƙanena, wanda shi ne magatakardan samarin unguwa, ya shigo da takardar zanen wurin yana ta fara'a. Na shimfiɗa ta bisa tabarma na duba. Filin ƙwallon ƙafa ne tun daga wannan bango har wancan, sai jerin shaguna a bakin titi, sai wata 'yar rumfa ta 'yan kallo. Na ce masa, "Ina wurinmu?" Ya ce, "Wurin su wa, Yaya?" Na ce na mata, da 'yan mata, da ƙananan yara, da su Kaka. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce wallahi ba wanda ya ta da maganar. Na kuwa gaskata shi. Ba ƙeta suka yi mana ba. In maza zalla suka zauna, dukkansu masu son ƙwallo, lalle filin ƙwallo za su zana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ba a tambaye mu ba, ba mu kuma yi magana ba.

Kashegari a aji na raba wa 'yan matana takardu, na ce ko wacce ta zana mini abin da take so ta gani a sabon filin. Wata ta zana lilo, wata bishiyar mangwaro da tabarma a gindinta, waɗansu suka zana kansu sun yi da'ira suna gaɗa. Amma wata yarinya mai hankali ta miƙo mini takardarta fara fat. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malama, ai ba mu ake yi wa ba." Wannan magana ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Dandalin da muka rasa

Kada wata ta ce filin wasa baƙon abu ne, na Turawa. Ku tambayi iyayenku labarin dandali. In farin wata ya fito, aka gama cin tuwo, 'yan mata su taru gefe guda suna gaɗa da tafi, samari can suna langa da kokawa, ƙanana suna wasan ɓuya, tsofaffi suna ƙofar gida ido na kan kowa. A nan ake shirya tashe in azumi ya yi kwana goma, a nan makaɗa ke sauka in ana biki. Watau wuri ɗaya ne, amma ya ɗauki motsa jiki, ya ɗauki waƙa da wasan kwaikwayo, ya ɗauki hira da shan iska. Ba wanda ya taɓa cewa dandali na maza ne, hasali ma muryar 'yan mata ce ke nuna ya cika.

Da gari ya yi ta girma sai aka yi ta yanka filayen nan ana gini, yau a sa shago, gobe a sa gareji. Samari ba su rasa ta yi ba, su dasa duwatsu biyu a kan titi su ce raga ce. Yarinya kuwa da ta kai aji huɗu ba ta da sauran wurin gudu ko tsalle, sai tsakar gida in akwai, ga shi yawancin gidajen haya yanzu tsakar gidansu ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Abin nan yana taɓa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ko yarinya daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki sosai kamar minti 60 ko wace rana, babba kuwa aƙalla minti 150 a mako. A shekarar 2019 hukumar ta fid da sakamakon bincike a kan 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashen duniya, aka ga kashi 85 cikin 100 na 'yan mata ba su samun wannan gwargwado, na maza kuwa kashi 78. Mu matan gida ma mu duba kanmu. Gajiyar girki da wanki daban, tafiya mai sa jini gudu daban, kuma rashinta na cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon suga.

Abin da aka gani a wani gari

Ba mu ne farkon waɗanda aka mance da su a wajen zane ba. A birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya, cikin Turai, an yi bincike a shekarun 1996 da 1997, aka ƙirga yaran da ke zuwa filayen wasa na gari. Sai aka ga ƙanana maza da mata duk suna zuwa, amma da zarar an wuce shekara 9 sai 'yan mata su ragu ƙwarai, maza kuwa suna nan. Ba doka ce ta hana su ba. Filin ne babba guda ɗaya, samari masu ƙarfi sun mamaye shi, wurin ƙwallon an kewaye shi da waya, su kuma suna tsaye a bakin ƙofa. Yarinya ta leƙa ta ga haka, sai ta wuce abinta.

Wata ma'aikaciyar tsara gari mai suna Eva Kail tana cikin waɗanda suka ja gaban gyara. A shekarar 1999 aka soma sāke fasalin filaye biyu don gwaji. Aka rarraba babban fili ya zama sassa da shuke-shuke a tsakani, aka buɗe ƙofofi masu faɗi, aka ƙara hanyoyin ƙafa da fitilu da wuraren zama, aka yi wurin ƙwallon raga. Ba a kori yaro namiji ko ɗaya ba, amma sai ga 'yan mata sun dawo. Daga baya hukumar birnin ta mai da wannan ƙa'ida ga sauran filayenta.

Al'adarsu daban, tamu daban, amma darasin ɗaya ne. Fasalin wuri shi ke faɗa wa mutum ko ana maraba da shi, tun kafin wani ya buɗe baki.

Mu yi ɗan lissafi

Ku gafarce ni, halin malanta ne. Cikakken filin ƙwallon ƙafa irin na manyan gasa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, watau murabba'in mita 7,140, mutum 22 kuma ke wasa a kai. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da 9, watau murabba'in mita 162, yana ɗaukar mutum 12. 'Yan aji shida su raba mana: filin ƙwallon raga 44 ke shiga cikin na ƙwallon ƙafa guda. Akwai kuma ƙaramin filin ƙwallon ƙafa na mutum biyar biyar, mita 40 da 20, wanda bai kai kashi ɗaya cikin takwas na babban ba, shi ne ma ya fi dacewa da wasan yamma na 'yan unguwa. Mai son babbar gasa ga filayen makarantu da na gwamnati nan. Saboda haka ba cewa muke a hana ƙannenmu ƙwallo ba. Gara suna can suna gudu da a ce suna bakin kwata suna koyon shaye-shaye. Roƙonmu a yanka musu gwargwado, sauran jama'a su sami rabo.

Abin da za mu roƙa

Na fari, sashen mata da ƙananan yara, mai katanga wadda ta kai tsawon mutum, da ƙofarsa daban wadda ba ta kallon majalisar maza. In ba haka, mai gida mai kishi ba zai bar iyalinsa su je ba, mu ma ba za mu sake ba. A ciki a yi hanyar tafiya mai kewaye, da filin ƙwallon raga, da wuri mai yashi da lilo, a kuma bar sarari wanda ba a zana masa kome ba, na gaɗa da 'yar gala-gala da carafke. Mai tsaron ƙofar nan ta zama mace, dattijuwa wadda ake jin nauyinta.

Na biyu, rumfa mai daɓe da ɗan dandamali. Da hantsi a koyar da saƙa da ɗinkin hula da yin faifai da zanen lalle, mai iyawa ta koya wa marar iyawa. Da yamma 'yan makaranta su yi muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo, tsofaffi su yi wa jikoki tatsuniya. Bangon rumfar kada a bar shi fari. A nemo magini wanda ya iya zanen dagi irin na soraye, ya yi da yara suna gani, tun sana'ar ba ta bi masu ita ba. In ana suna ko walima sai a ari rumfar, a huta da tare titi.

Na uku, inuwa. Fili marar itace a watan Afrilu ba mai zama cikinsa. A dasa darbejiya don tana saurin girma, ba ta kuma tsoron fari, a haɗa da maɗaci da tsamiya da ceɗiya saboda jikokinmu, da mangwaro ko biyu. Gawo ma yana da amfani, gama shi da rani yake ganye, sa'ad da aka fi bukatar inuwa. Farkon damina ake dashe, bayan ruwa ya zauna, a kewaye ko wane da ƙaya ko kwando, in ba haka ba abincin awaki aka dasa. Ko wane aji na makarantar unguwa a ba shi bishiyarsa ya riƙa ban ruwa. A sa bencina masu majingina a ƙarƙashi saboda tsofaffi da masu juna biyu.

Na huɗu, ruwa da makewayi. Mace mai goyo da yara biyu ba za ta yi sa'a guda a wurin da babu famfo da ban ɗaki ba. Na mata daban, na maza daban, da ɗan wurin alwala da salla. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, kada a bar lungu mai duhu ko ɗaya. Ƙofa kuwa a yi ta da gangare, don mai keken guragu ya shiga ba sai an ɗauke shi ba.

Na biyar, wanda na fi jin tsoro, shi ne hanyar ruwan sama. Kududdufin nan duk da ƙazantarsa shi ke shanye ruwan unguwa. In aka cike shi dam ba a yi wa ruwa hanya ba, ɗakunanmu zai shigo, mu ne kuma za mu kwana muna kwarfa. Lalle a kira masanin aikin ya auna gangaren ƙasa, a yi magudana tun kafin a zuba tifa ɗaya. Kada kuma a bar ruwa kwance, gama cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ke zama sauro mai cizo.

Masu cewa ba za ta yiwu ba

Wata gwaggona da ta ji maganar ta yi dariya, ta ce, "Ke 'yar nan, juji ne zai zama lambu?" Na ba ta labarin Alƙahira ta ƙasar Masar. Kusa da masallacin Azhar akwai wani tudu da aka yi kamar shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzan gini. A shekarar 1984 marigayi Aga Khan ya yi alkawarin yi wa birnin lambu, aka zaɓi wannan tudu mai faɗin hekta 30, watau kamar filin ƙwallo 40. An kwashe kimanin lodin mota 80,000 na ƙasa da tarkace. Garin haƙa sai ga tsohuwar ganuwar birni ta zamanin Salahuddin, wadda shara ta binne, aka tone ta aka gyara. Aka koya wa samarin unguwar da ke maƙwabtaka aikin gini da kafinta, aka ba masu ƙananan sana'a rance. A shekarar 2005 aka yi bikin buɗe lambun, da itatuwa da ƙoramu da wurin wasan yara da dandalin wasan kwaikwayo. Shekara 21 daga alkawari zuwa buɗewa, kun ga sannu ba ta hana zuwa. Mu ba mu da kuɗin Aga Khan, amma jujinmu ma bai kai nasu ba. Abu ɗaya ne ban so mu kwaikwaya, su ana biyan kuɗin shiga. In muka yi haka, 'yar talaka mai yara biyar ita ce za ta tsaya a waje.

To, da me za a biya mai gadi da mai shara? A nan ne shagunan ke da rana, amma kaɗan, uku ko huɗu, a rubuta cewa kuɗin hayarsu na kula da filin ne, a riƙa karanta lissafin a gaban jama'a. Ɗaya daga ciki a bar wa mata su ajiye kayan sana'arsu a sayar musu.

Akwai kuma masu cewa bai kamata 'ya mace ta yi guje-guje ba. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Abin lura shi ne sutura da wurin da ya dace, shi ya sa katanga ta zama farkon roƙonmu.

Yadda za mu sa baki

Ba sai mun yi hayaniya ba. Ko wacce ta sami mai gidanta bayan ya ci ya huta, ta yi masa bayani cikin ladabi. A ta da maganar a Islamiyya da wurin adashi. A je a gai da uwargidan mai unguwa, a roƙe ta ta isar. 'Yan makaranta, ga aikinku: ku bi gida gida ku tambayi iyayenmu mata abin da suke so, ku rubuta da kyakkyawan hannu, ku haɗa da zanenku. A roƙi kwamiti ya ba mata kujera biyu, dattijuwa ɗaya da mai ƙuruciya ɗaya, domin mace guda cikin taron maza kunya kan hana ta magana.

Sa'an nan a nace sai hukumar filaye ta ba da takarda mai hatimi cewa wurin nan na jama'a ne, ba a sayarwa, ba a yankawa. Juji ba mai so, amma ran da ya yi kyau masu ido da kuɗi za su zo. Ko a manyan birane haka ne. A shekarar 1989 gwamnatin Kenya ta so gina bene mai hawa 60 a cikin lambun Uhuru na birnin Nairobi. Wata malama, Wangari Maathai, ta yi ta rubuta wasiƙu tana ƙin yarda, aka zage ta har a majalisa, ba ta fasa ba, daga ƙarshe masu ba da kuɗin suka janye, aka bar maganar ginin. A shekarar 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Makaminta na farko alƙalami ne, irin wanda ke cikin jakar ko wace 'yar makaranta.

Mu a nan ran Asabar ta sama kwamiti zai zauna zaman ƙarshe, daga nan a kai zane a buga masa hatimi. Bayan an zuba siminti kuwa kuka ba shi da amfani, tun ran gini ran zane. Ƙanena ya yi alkawari zai karanta takardarmu a gaban dattawa. Yarinyar nan mai farar takarda na mayar mata da abinta, na ce ta je ta sāke tunani. Jiya ta kawo. Ta zana katanga, ta zana raga, ta zana kanta ta yi tsalle za ta bugi ƙwallo, kakarta kuma na zaune bisa benci a gindin tsamiya. Na liƙa zanen a saman takardar da za a kai.

Wadda aka taɓa yin irin wannan aiki a garinsu ta rubuto mana yadda suka yi, mu ƙaru da juna. Yadda muka ƙare da kwamiti kuwa za ku ji. Maganar yaye sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku,
Malama